FARANSANCI: HARSHEN DA KE TARE ƊAN KASUWA A BAKIN IYAKAR SEME

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Mil Tu ta Ikko da niyyar zuwa Kwatano sarin kaya ya san inda bakinsa ke mutuwa. Tun daga Agege ko Idi Araba ya taso yana zuba Hausa da 'yan'uwansa, yana taɓa Yarbanci da yaron mota, in 'yan sanda sun tsai da su a hanyar Badagiri ya yi musu buroka a wuce. Amma da zarar an ƙetare ƙofar Seme, sai wani mai kaki ya miƙo masa takarda, ya yi masa wata magana ta hanci wadda ko kalma guda bai kama ba. Nan take attajirin da ke juya miliyoyi ya koma kamar baƙon ƙauye, yana waige-waige ko Allah zai jefo masa tafinta. Tafintocin kuwa ba su da wuyar samu, don nan suke kwana nan suke tashi. Sai dai ba kyauta suke yi ba, kuma ba kullum ne abin da suka faɗa masa yake zama abin da aka rubuta a takardar ba.

Wannan harshe shi ne Faransanci, kuma ya yi wa Nijeriya ƙawanya. Ƙasashe huɗu ke da iyaka da ita ta tudu, watau Jamhuriyar Benin, wadda dattawa suka sani da sunan Dahomi, da Nijar, da Cadi, da Kamaru. Dukansu da Faransanci ake rubuta takardun ofisoshinsu. In mutum ya bi bakin teku daga Ikko ya nufi yamma, zai ratsa Benin da Togo, ya ɗan sarara a Gana inda ake Ingilishi, sa'an nan ya sāke faɗawa cikin Faransanci a Kwaddebuwa. In Hausa ce kaɗai a bakinsa ba zai kwana da yunwa ba, don akwai zango a Kwatano, akwai a Lome, akwai Hausawa jingim a Abijan, jikokin fataken goro da suka san hanyar Gwanja tun Bature bai zo ba. To, amma Hausa a zango da kasuwa ta tsaya. Ba ta shiga ofishin kwastan, ba ta shiga banki, ba ta shiga ɗakin shari'a.

BA DA GIRMA YA FARO BA

Asalin Faransanci karyayyen Latin ne, watau harshen Rumawa. Wajen shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin yaƙin Rum, Juliyas Kaisar, ya ci ƙasar da a yau ake kira Faransa da yaƙi. Sojoji da 'yan kasuwan Rum suka zauna, mutanen ƙasa suka riƙa kwaikwayon maganarsu suna karya ta, kamar dai yadda aka karya Ingilishi a Warri da Fatakwal ya zama buroka. A hankali karyayyar magana ta zama harshe mai zaman kansa. Takarda mafi tsufa da aka samu da shi wata rantsuwa ce da jikokin Sarki Shalman biyu suka yi wa juna a birnin Sitirasbo a shekarar 842.

Ko a cikin Faransa ma, shekara aru-aru harshen bai wuce birnin Faris da kewayensa ba. Hukuma ce ta ɗora shi. A 1539 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya ba da doka cewa da Faransanci za a riƙa rubuta shari'a da takardun mulki maimakon Latin. A 1635 wazirin sarki, Kadina Rishiliye, ya kafa wata majalisar masana mai kujeru 40, aikinta ta tsare harshen, ta faɗi kalmar da ta halatta da wadda ba ta halatta ba. Majalisar tana nan har gobe. Sai da ta shekara kusan 60 kafin ta fito da ƙamus ɗinta na farko a 1694, na tara kuwa sai a 2024 aka gama shi. Ba ta gaggawa.

Duk da haka, da aka yi bincike a 1794, bayan juyin-juya-halin da ya ci sarautar ƙasar, sai aka tarar cikin mutane fiye da miliyan 25 waɗanda ke jin Faransanci sosai ba su wuce miliyan 3 ba. Saura kowa da yarensa. Abin da ya gama da yarurrukan nan shi ne makarantar dole da aka kafa a 1881 da 1882. Malamai suka ƙago wata dabara: yaron da aka ji ya yi yaren gidansu sai a rataya masa wani abu a wuya, ko guntun katako ko tsohon takalmi, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani yaron yana yi ya miƙa masa. Wanda aka tashi abin yana wuyansa shi ke shan horo. Da wannan dabara aka bi da 'ya'yan manoman Faransa, da ita kuma aka zo Afirka daga baya. Dattawan Damagaram da Maraɗi da suka yi makarantar zamanin Turawa suna tunawa da ita, kamar yadda 'yan makarantar Nijeriya ke tunawa da tarar da ake cin wanda ya yi banakula a aji.

KOTU, JOJI, BELI DA FURSUNA

Wani abin mamaki shi ne, Bahaushen da ke cewa bai san ko kalma guda ta Faransanci ba, kullum da ita yake kwana. Ga yadda aka yi. A shekarar 1066 wani basarake daga arewacin Faransa, Wiliyam na Nomandi, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi, ya naɗa kansa sarki, ya raba ƙasar ga hakimansa. Shekara wajen 300 Faransanci ne harshen fada da na shari'a a Ingila, Ingilishi kuwa harshen talakawa da masu kiwon aladu. Ko da Ingilishi ya farfaɗo, ya riga ya haɗiye dubban kalmomin Faransanci, har masana na ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmominsa daga can suka fito. Daga baya ma bai daina aro ba.

Da Turawan Ingilishi suka zo ƙasar Hausa, sai suka sauke wa Bahaushe kayan aron nan, shi kuma ya gyara su daidai bakinsa. Mutumin da aka kai wa sammaci, aka gurfanar da shi a kotu gaban joji, aka karanta masa caji, aka hana shi beli, ya zama fursuna, tun daga farkon wahalarsa har ƙarshenta cikin kalmomin Faransanci ya yi ta. Haka gwamnati da minista da kwamishina da kansila. Haka soja da hafsa da saja da laftanan da kyaftin da kanar da janar. Direban da ya fito da mota daga gareji, ya duba inji, ya ɗauki fasinja, ya yanka masa tikiti, ya nuna lasin, ya sauka a otal, shi ma haka. Kamfani, rasit, siminti, asibiti, fensir, biskit, duk 'yan gida ɗaya ne. Har yau taken da ke rubuce a ƙasan tambarin Sarkin Ingila, wanda tsofaffi suka saba gani a takardun En'e da na Razdan, da Faransanci yake, kuma in Sarki ya amince da dokar da majalisa ta yi, da tsohon Faransancin Nomandi ake shelanta amincewar tasa.

A Turai kuwa, daga ƙarni na 17 zuwa na 19, wanda bai iya Faransanci ba ba a lissafa shi cikin wayayyu. Sarki Firedirik na Furushiya, Bajamushe, da shi yake rubuta littattafansa. 'Ya'yan sarautar Rasha da shi suke hira a gidajensu, Rashanci sai in za su yi wa bayi magana. Tun daga yarjejeniyar Rastat ta 1714, in sarakuna za su yi sulhu da Faransanci ake rubutawa, ko da ba Faransa ce ta ci yaƙin ba. Sai a 1919, wajen sulhun Basai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, shugabannin Amurka da Ingila suka dage sai an haɗa da Ingilishi. Daga ranar inuwar Faransanci ta soma raguwa, har Ingilishi ya sha gabansa bayan Yaƙin Hitila.

Amma tsohon attajiri ko ya karye ba ya rasa kadara. A ofishin Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya da harshe biyu ake aiki, Ingilishi da Faransanci. Haka a Kotun Duniya da ke Heg, inda aka yanke shari'ar Bakasi tsakanin Nijeriya da Kamaru a 2002. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda aka kafa a 1874, Faransanci ne harshenta na hukuma, shi ya sa 'yar shuɗiyar takardar nan da ake liƙa wa wasiƙar jirgin sama take ɗauke da Par Avion. A wasannin Olamfik, waɗanda wani Bafaranshe, Kubatan, ya farfaɗo da su a 1894, da Faransanci ake soma sanarwa. FIFA ta 'yan ƙwallo a Faris aka haife ta a 1904, sunan ma na Faransanci ne. Mai karatu ya buɗe fasfonsa ya duba shafin da hotonsa yake, ko ya duba katin nan rawaya na rigakafin shawara da ake tambaya a bakin iyaka, zai ga ko wane layi an rubuta shi sau biyu.

Mita da kilo da lita ma daga can suke. Masanan Faransa ne suka ƙago su bayan juyin-juya-hali, aka yi musu doka a 1795, aka kuma ajiye wani dunƙulen ƙarfe a kusa da Faris wanda shi ne ma'aunin kilo na duniya duka har zuwa 2019. Nijeriya ta bar mil da yadi da galan ta koma musu cikin shekarun 1970. Tuƙin hannun dama kuwa da aka koma ran 2 ga watan Afril 1972, ɗaya daga cikin manyan dalilansa shi ne maƙwabta duk a dama suke tuƙi, direbobin manyan motoci suna shan wahala a kan iyaka.

Sai dai ɗan kasuwa ya yi hattara da ƙirgarsu, don nan ake yanka mutane. Bafaranshe ba shi da kalma guda ta saba'in, sai ya ce sittin da goma. Tamanin ya ce ashirin huɗu. Casa'in da tara kuwa, ashirin huɗu da goma da tara. Wanda ya zauna cikin Yarbawa ba zai sha mamaki sosai ba, don su ma da ashirin-ashirin suke ƙirga. In kuma da Hausar Nijar ake cinikin, to, da dala ake lissafi, dala guda kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, jika guda sefa 1,000. Baƙo da yawa ya sallama kaya yana tsammanin ya ci riba, sai da ya isa masauki ya gane.

YADDA AKA RABA GIDA BIYU

Shigowar harshen nan Afirka ba da lallashi ba ne. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, Faransa ta taso daga Senegal ta nufo gabas tana son isa Tafkin Cadi. A 1898 aka kashe wani hafsanta, Kazamaju, a Damagaram. A 1899 rundunar Kyaftin Bule da Shanuwan ta ratsa ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Daga nan Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka ja layi a taswira, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906. Katsina ta faɗa hannun wannan, Maraɗi ta faɗa hannun wancan, alhali kuwa sarakunan Maraɗi Katsinawa ne. Wa da ƙane, ɗaya ya tashi da Ingilishi, ɗaya da Faransanci.

Turawan biyu kuwa ba halinsu ɗaya ba. Na Ingilishi ya bar sarakuna a kan gadonsu, ya bar Hausa a makarantun elemantare, har ya kafa hukumar fassara da talifi a Zariya, aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ba don ƙauna ya yi ba, mulki ne mai arha. Bafaranshe shi kuwa ya ɗauka harshensa shi ne wayewa kanta, wanda ya iya shi ya zama mutum. A taron Barazabil na 1944 aka sāke tabbatar da cewa da Faransanci kaɗai za a yi koyarwa, harsunan ƙasa ba su da wuri a aji. Wanda ya ƙware kuwa ana jawo shi jiki ƙwarai. Tun 1914 Blaise Diagne na Senegal ya zama ɗan majalisa a Faris. Diori Hamani na Nijar ya zauna a wannan majalisa daga 1946. Houphouet-Boigny na Kwaddebuwa har minista ya yi a gwamnatin Faransa. A zamanin mulkin mallaka babu wani ɗan Nijeriya da ya taɓa zama ministan Sarauniya a Landan.

Sakamakon haka a bayyane yake. Hausar Nijar ta cika da nata kayan aro: makaranta lakwal, malamin boko mushe, kwastan duwan, ofishin 'yan sanda kamsariya, ga jandarma ga kumandan ga farfe. Littattafan Hausa kuwa daga Zariya da Kano suke ƙetarawa can. Da Abdullahi Mamani na Nijar ya tashi rubuta labarin Sarauniya Mangu a 1980, da Faransanci ya rubuta, watau da harshen mutanen da ta yaƙa, aka kuma yi sinima da shi a 1986. Galibin jikokinta ba za su iya karanta shi ba, don bisa ƙididdigar ƙungiyar masu Faransanci ta 2022, waɗanda ke jin harshen a Nijar ba su kai kashi 15 cikin 100 ba. A Benin wajen mutum ɗaya ne cikin uku. Watau talakan can ma tafinta yake nema a ofishin ƙasarsa, kamar dai baƙon da ya zo daga Agege.

To, amma harshe ba ya tambayar wanda ya kawo shi. 'Yan Afirka sun karɓe shi sun yi aiki da shi, har sun yaƙi mai shi da shi. Da Faransanci Seku Ture ya ce wa Janar Digol a'a a 1958, Gini ta karɓi 'yancinta. Da shi Camara Laye da Sembene Ousmane da Ahmadou Kourouma da Mariama Ba suka rubuta littattafan da ake karantawa har a jami'o'in Nijeriya. Shugaba Senghor na Senegal, wanda ya fi Faransawa da yawa iya nahawunsu, ya sami kujera a majalisar nan ta mutum 40 a 1983, shi ne ɗan Afirka na farko. A 2021 wani saurayi Basenegale, Mohamed Mbougar Sarr, ya ci Gonkur, babbar kyautar adabi ta Faransa. Ran buɗe Olamfik na Faris a 2024, mawaƙiyar da aka fito da ita gaban ginin wannan majalisa ta masu tsaron harshe, Aya Nakamura, haifaffiyar Bamako ce, kuma Faransancinta cakuɗe yake da maganar titi. Masu ra'ayin riƙau sun yi ta gunaguni, amma ita duniya ke saurare.

Gaskiyar magana, yau Faransanci ya fi zama na Afirka bisa ga na Faransa. Ƙididdigar 2022 ta ce masu jinsa a duniya sun kai miliyan 321, shi ne na biyar cikin harsuna. Mutanen Faransa kuwa ba su kai miliyan 70 ba. In an haɗa da na Beljiyam da Suwizalan da lardin Kebek na Kanada, har yanzu ba a kamo Afirka ba, inda fiye da rabin masu magana da shi yau da kullum suke. Kinshasa ta Kwango ta fi Faris yawan jama'a. A Abijan samari sun ƙago nasu burokan da ake kira Nushi, a Duwala da Yawunde sun gauraya shi da Ingilishi da yarurrukan gida, kuma kalmominsu sun soma shiga ƙamus a Faris. Faransawa da kansu suna tsoron Ingilishi, har suka yi doka a 1994 cewa dole tallace-tallace da takardun ɗaukar aiki su kasance da Faransanci. Mutanen Kebek sun riga su, tun 1977.

A YAMAI AKA ƊAURA, A YAMAI AKA KWANCE

Ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci, wadda a yau ke da ƙasashe da gwamnatoci wajen 90, ba a Faris aka haife ta ba. A Yamai aka sa hannu ran 20 ga watan Maris 1970, kuma ba Faransawa ne suka matsa ba, Senghor ne da Bourguiba na Tunisiya da Diori Hamani da Yarima Sihanouk na Kambodiya. Shekara 55 bayan haka, a watan Maris 2025, Nijar ɗin nan ta ce ta fita, Barkina Faso da Mali suka bi ta. Kafin nan sojojin da suka karɓi mulki ran 26 ga watan Yuli 2023 sun sallami sojojin Faransa, sun cire sunan Digol daga babban titin Yamai sun sa na Djibo Bakary. A cikin watan nan na Maris kuma sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne kawai. Mali ta riga ta sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma tun 2023, Barkina ma ta bi sahu.

Ba ƙaramin abu ba ne ga Bahaushe ko ina yake a ce wata ƙasa ta ɗaga harshensa haka. Sai dai kada murna ta rufe ido. Dokar da ta ɗaukaka Hausar da Faransanci aka rubuta ta. Alƙalai da likitoci da injiniyoyin ƙasar da shi suka yi karatu, littattafan makaranta da shi suke, kuma in shugabannin Yamai da Bamako da Wagadugu suka haɗu, ba su da wani harshen da ya haɗa su sai shi. Sauya harshen mulki aiki ne na malamai da maɗaba'a da kuɗi da shekaru. Ruwanda ta mai da makarantunta Ingilishi a 2008, amma ga shi tun 2019 'yar ƙasar ce, Louise Mushikiwabo, ta hau kujerar shugabancin ƙungiyar masu Faransancin. Gana kuwa, mai Ingilishi, a 2024 ta zama cikakkiyar wakiliya a ciki, don ita ma ta ga ƙawanyar da ta sha.

Inda aka yi wasa da maganar harshe kuma an ga jini. A 2016 lauyoyi da malaman makaranta na yankin Kamaru mai Ingilishi suka yi yajin aiki, suna kukan ana turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci zalla. Abin ya rikiɗe ya zama yaƙi, dubban mutane suka mutu, dubbai suka gudo jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba.

Nijeriya ita kuwa ta daɗe tana yi wa Faransanci kallon hadarin kaji. Tun farko ma ba a jitu ba, don a watan Janairu 1961 gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin ƙare-dangi da aka yi a Sahara. Amma ciniki ya fi fushi ƙarfi. A Ikko aka sa hannun kafa ECOWAS ran 28 ga watan Mayu 1975, Janar Gowon da Janar Eyadema na Togo ne suka yi ɗawainiyarta, kuma a shekarar ne aka soma haɗa Fijo a Kaduna. A 1996 Janar Abacha ya ce Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu, aka shigar da shi cikin manufar ilmi ta 1998. Magana ta tsaya a takarda, don makarantun gwamnati da yawa ba su taɓa ganin malamin da zai koyar da shi ba.

Wanda ya yi asara a nan shi ne ɗan arewa, ko da yake shi ya fi kowa cuɗanya da masu harshen. Shi ke sayo shinkafa da atamfa a kasuwar Dantokpa, shi ke fito da mota 'yar Kwatano daga tashar jirgin ruwa, shi ke canjin sefa, shi ke kora shanu daga Cadi da Nijar zuwa kurmi. Amma in an zo takarda, sai ya ɗauki dukiyarsa ya damƙa wa ɗan tsakani, ya dangwala hannu a abin da bai karanta ba. In kuwa maganar manyan ayyuka ake yi, a hedkwatar ECOWAS da ke Abuja, ko Tarayyar Afirka a Adis Ababa, ko Bankin Raya Afirka a Abijan, mai harshe biyu ake fara dubawa. Dokta Akinwumi Adesina, wanda ya shugabanci bankin nan daga 2015 zuwa 2025, yana zuba Faransanci kamar ruwa, kuma hakan bai rage shi da kome ba wajen neman ƙuri'un ƙasashen.

Abin lura shi ne, mazaunin kudu ya fi ɗan'uwansa na gida kusa da dama. Yaron da ya tashi a Sabo ta Badun ko ta Shagamu ya riga ya iya Hausa da Yarbanci da buroka da Ingilishi, ga Larabcin makarantar allo, harshe na shida ba zai gagare shi ba. Cibiyar Alliance Française, wadda aka kafa a Faris tun 1883, tana da rassa a Ikko da Badun da Fatakwal da Inugu, ana karatun yamma da na ƙarshen mako. Faransawan ma sun gane darajar Hausa, don a 2007 gidan rediyonsu na RFI ya buɗe sashen Hausa, kuma a Ikko ya kafa shi, ba a Faris ba. A Ajara ta Badagiri kuwa akwai Ƙauyen Faransanci da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991, inda ɗaliban jami'a ke zuwa su zauna ba a yi musu magana da kome sai harshen, ana kuma karɓar waɗanda ba 'yan jami'a ba a gajerun kwasa-kwasai. Motocin Mil Tu masu zuwa Seme ta gefen garin suke wucewa kullum, cike da 'yan kasuwa, kowa da kuɗin tafintansa a aljihu.